An ce a saka ɗan ƙanina a binciken maganin farfaɗiya a Ingila, gida an ƙi, ina mafita?

Goggon_Yaro ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu ilimin harkar lafiya da iyayen da suka taɓa shiga irin wannan hali ku taimaka min da shawara. Ƙanina ne da matarsa suke zaune a Ingila, karatu ya kai shi, Allah ya ba su ɗa namiji an haife shi lafiyarsa ƙalau, yana wata huɗu ranar da aka yi masa allurar rigakafi da daddare zazzaɓi ya rufe shi sai ya fara jijjiga, kuma ba irin jijjigar zazzaɓin nan da muka saba gani ba wadda kafin ka ɗebo ruwa ta wuce, wannan ɓarin jikinsa ɗaya ne ya dinga fizga har sai da motar asibiti ta zo aka yi masa allura sannan ta lafa. Daga nan fa abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, in ya yi ɗan mura jijjiga, in aka yi masa wanka da ruwa mai zafi jijjiga, yau ɓarin dama gobe ɓarin hagu. Aka ɗebi jininsa aka yi gwajin ƙwayar halitta suka ce wani ciwo ne wai shi Dravet, matsalar tana wani abu da suke kira SCN1A. Yanzu ya shekara ɗaya da 'yan watanni, yana shan Epilim da wani maganin kuma, an samu sauƙi alhamdulillah amma ba ta daina ba.

To abin da ya kawo ni, likitarsa ta ce akwai bincike da ake yi kan magani ga ƙananan yara irinsa, in sun amince za a duba ko ya cancanci shiga, ta ba su takardu jingim su je gida su karanta. Uwar yaron tana so, ƙanina yana ɗari-ɗari, nan gida kuma Hajiyarmu ta ce atafau ba za a yi gwaji da jikanta ba, a dawo mata da shi Kano a nemi na gida tunda a ganinta iska ce, wani kawunmu ya ce rigakafin ce ta jawo tunda ranar abin ya fara, wasu a dangi har sun fara ƙus-ƙus wai daga dangin uwar aka kwaso, yarinya tana can ita kaɗai ga jinya ga maganganu, in na kira ta kuka kawai take yi wlh. Ni ce babba shi ya sa kowa ni yake kira.

Shin gaskiya ne a irin binciken nan wasu yaran ba magani ake ba su ba, ruwa ne kawai? Kuma in mutum ya sa hannu yana iya cire ɗansa daga baya? Sannan shi Dravet ɗin nan ana warkewa kuwa?

Baban_Hanifa ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Allah ya ba yaro lafiya ya sa kaffara ne. Ni ba likita ba ne amma Hajiya kada ki ga laifin mahaifiyarku, duk wanda yake Kano a 1996 ba sai an gaya masa ba. Lokacin annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa ya gwada maganin Trovan, yara 200 aka saka a ciki, 11 suka rasu, wasu suka nakasa, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, kamfanin ya ce sanƙarau ɗin ce ta kashe su ba maganinsa ba, aka yi ta shari'a har 2009 sannan aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya taɓa sara in ya ga tsumma gudu yake. Ni dai da ɗana ne sai na ce a ci gaba da maganin da aka riga aka sani, a haɗa da addu'a, su je su gwada sabon a kan wasu tukunna in ya yi kyau ma sha daga baya.

Likitan_Yara ya rubuta:

Wa alaikumus salam Hajiya, sannunku da jinya, Allah ya dafa muku. Ni likitan yara ne, ban ga yaron ba kuma ban ga takardun ba saboda haka abin da zan faɗa ba zai maye gurbin maganar likitarsa ba, amma zan gaya miki abin da na sani ki samu abin da za ki riƙe in za ki yi magana da Hajiya da ƙaninki.

Bari in fara cire wa uwar yaron laifi domin abin nan ya taɓa ni. Yawancin yara masu Dravet, wajen tara cikin goma na waɗanda aka samu canjin SCN1A a jikinsu, ba gadonsa suka yi ba, in aka gwada uba aka gwada uwa ba za a samu komai ba, canjin sabo ne ya faru tun a farkon halittar yaron. Ba abin da ta ci ba ne da ciki, ba danginta ba ne, ba danginku ba ne. Ki gaya wa masu ƙus-ƙus haka, kuma in likitocin sun ce za su gwada iyayen su yarda a gwada, ana yi ne don a ba su shawara kan haihuwa ta gaba.

Maganar rigakafi kuma na gane dalilin kawunku, ranar aka yi allura ranar aka fara jijjiga, kowa haka zai zata. Amma an binciki wannan. A 2006 wasu masana a Ostireliya suka ɗauki mutum 14 da aka ce rigakafi ce ta lalata musu ƙwaƙwalwa suna jarirai, aka gwada su aka samu canjin SCN1A a 11 daga ciki, wato da ciwon aka haife su, zazzaɓin allurar ne kawai ya fito da shi fili, da ba a yi allurar ba mura ko maleriya ta farko za ta fito da shi. Bincike na baya ya nuna yaran da tasu ta fara bayan allura ba su fi sauran shan wahala ba daga ƙarshe. Shi ya sa ba a hana su rigakafi, ana dai shirya wa zazzaɓin ne, domin ƙyanda ko tarin shiƙa sun fi allurar haɗari ga irin wannan yaro nesa ba kusa ba.

Ciwon kansa wata likita ce 'yar Faransa mai suna Charlotte Dravet ta fara bayyana shi a 1978 a birnin Marseille. Ita SCN1A ƙwayar halitta ce, ita ce take ƙera wata 'yar ƙofa da sinadarin sodiyam yake bi ya shiga ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, kuma ƙwayoyin da suka fi dogara da ƙofar su ne waɗanda aikinsu taka wa sauran birki, to kowa yana da kwafi biyu na ƙwayar halittar, shi yaron ɗaya ce take aiki, sai birkin ya yi rauni, jiki yana ɗaukar zafi komai ya rikice. Ba ciwo ne mai yawa ba, wani ƙiyasi da aka yi a Amurka ya nuna kamar yaro 1 cikin 15,700. Kin tambaya ko ana warkewa, gaskiya zuwa yanzu babu maganin da yake raba mutum da shi gaba ɗaya, ana rage jijjigar ne, kuma yawancinsu daga shekara ta biyu ake fara ganin magana da tafiya da koyo suna jan ƙafa, sannan haɗarin mutuwar farat ɗaya cikin barci ya fi yawa a cikinsu musamman in manyan jijjiga sun yi yawa. Ba don in tsorata ki na faɗa ba, na faɗa ne don ki ga cewa barin yaro yadda yake shi ma ba zaman lafiya ba ne, kowane ɓangare da haɗarinsa.

Yanzu batun ruwa da kika ji. Eh akwai binciken da ake raba yara gida biyu ta hanyar ƙuri'ar kwamfuta, wasu a ba su maganin, wasu a ba su abin da ya yi kama da shi a launi da ɗanɗano amma babu magani a ciki, likita bai san wanda ya samu wanne ba iyaye ma ba su sani ba, saboda jijjiga tana hawa tana sauka da kanta, in ba a kwatanta ba sai a zata magani ne ya yi aiki alhali wata ne mai sauƙi. Amma abin da mutane ba su sani ba shi ne a binciken farfaɗiyar yara ba a cire wa yaro maganin da yake sha, Epilim ɗinsa yana nan, maganin gaggawarsa yana nan, sabon a kai ake ɗora shi. Wanda ya faɗa rukunin da ba magani yana nan ne a inda yake jiya, kuma lokacin ba ya da tsawo, manyan binciken Dravet da aka yi mako 14 ne, bayan nan galibi ana buɗe wa kowa ya sha na gaskiyar. Wani binciken ma musamman na jarirai babu rukunin ruwan sam, kowa maganin ake ba shi ana auna jininsa ana duba yadda jikinsa ya karɓa. Takardar da aka ba su dole ta faɗi wanne ne.

Malam Baban_Hanifa abin da ka faɗa kan 1996 ya faru kuma ba wanda ya isa ya ce a manta, ni kaina saboda shi nake cewa iyaye su karanta takarda layi-layi. Amma maganin da ka ce an riga an sani ai ta wannan hanyar aka san shi. Diacomit da ake ba masu Dravet yanzu, yara 41 ne a Faransa iyayensu suka yarda, aka buga sakamakon a mujallar Lancet a 2000, kashi 71 cikin ɗari na waɗanda suka sha jijjigarsu ta ragu da rabi ko fiye, a ɗaya rukunin kashi 5 ne kacal. Fintepla kuwa labarinsa ya fi ban mamaki, maganin rage ƙiba ne aka janye shi daga kasuwa a 1997 saboda yana lalata ƙofofin zuciya, wasu likitoci a Beljiyam suka lura yana tsayar da jijjigar wasu yara suka nemi izini na musamman suka ci gaba da ba su kaɗan-kaɗan shekara da shekaru, sai daga baya aka yi babban bincike da yara 119 aka buga a 2019, Amurka ta amince da shi a 2020, kuma har gobe duk yaron da yake shansa sai ana yi masa hoton zuciya lokaci-lokaci. To matsalar ita ce waɗannan manyan binciken daga shekara 2 ko 3 suka fara ɗaukar yara, alhali ciwon tun yaro yana wata biyar wata shida yake fara ɓarna, shi ya sa Fintepla lasisinsa daga shekara 2 yake, jarirai kuma sai likita ya yi ta lissafi da abin da aka gani a manya. Hantar jariri da ƙodarsa ba sa sarrafa magani kamar na ɗan shekara goma. Giɓin da ake son cikewa ke nan da irin binciken da aka yi wa ƙaninki tayi.

Fita kuwa, eh, ko yaushe, ko da sun sa hannu da safe suka fasa da yamma, ba sai sun ba da dalili ba kuma ba a rage wa yaro kulawa saboda sun fita ko sun ƙi shiga tun farko, sai dai kada su tsayar da maganin da kansu rana ɗaya, likita ne zai sauke shi a hankali. Su koma wajen likitar da tambayoyi a rubuce, wane mataki binciken yake, yara nawa suka riga suka sha kuma me ya same su, na sha ne ko allura ce a gadon baya, sau nawa za a ɗebi jini ko a sa shi barci, wa za su kira ƙarfe biyun dare in abu ya taso, in ya yi masa amfani za a ci gaba da ba shi bayan an gama ko kuwa, sannan in karatu ya ƙare suka tashi dawowa gida ya za a yi. Wannan ta ƙarshen kada su bari ta wuce su.

Maman_Biyu ta rubuta:

Sannu 'yar uwa, Allah ya yaye. Nawa ɗan ba Dravet ba ne amma ina so in sa baki saboda masu karantawa a nan gida. Yana wata biyar na fara ganin in ya tashi daga barci sai ya dunƙule, kansa ya faɗo gaba hannuwa su miƙe kamar zai rungumi mutum, daƙiƙa ɗaya biyu ya saki, can ya sake, ya jera su a jere sannan ya fashe da kuka. Ba kumfa ba karkarwa ba komai, shi ya sa kowa ya ce ciwon ciki ne na jarirai, wata ta ce firgita ce a yi masa tofi, a wani asibiti ma maganin kumburin ciki aka rubuta min na dawo gida. Abin da ya fi daga min hankali ba dunƙulewar ba ce, murmushin da ya daina ne, yaron da in na leƙo shi yake wangale baki sai ya koma kallona kawai kamar bai san ni ba, ya daina bin abu da ido.

Ƙanwata ce ta ɗauke shi bidiyo a waya muka nuna wa wata likitar yara, tana gani ta ce wannan farfaɗiyar jarirai ce kuma ba ta jira, aka tura mu aka liƙa masa wayoyin nan a kai aka yi EEG, wato gwajin da yake nuna yadda ƙwaƙwalwa take aiki, aka fara ba shi wani magani mai suna firednisolon mai yawa. Wlh makonnin nan ba sauƙi, fuska ta kumbura kumatu sun yi tsalo-tsalo, ci kamar me, kuka dare da rana, ana auna masa hawan jini, an hana mu kai shi cikin taro saboda garkuwar jikinsa ta yi ƙasa, amma cikin satin farko dunƙulewar ta tsaya. Yanzu yana tafiya, magana ce dai take zuwa a hankali muna zuwa wajen masu koyar da magana.

Abin da zan ce miki, ni ma uwar mijina cewa ta yi iska ce kuma ban yi faɗa da ita ba, na ce Mama ki ci gaba da addu'a da tofi mu kuma mu ci gaba da asibiti, abin da na hana kawai hayaƙi da jiƙe-jiƙe a bakin jariri. Ku sa Hajiya a waya da likitar, ƙaninki ya fassara mata, ta yi tambayoyinta da bakinta, tsofaffinmu in aka ba su girmansu aka yi musu bayani suna saukowa. Kuma ki dinga kiran matar ƙaninki ko ba maganar ciwo, uwa mai irin wannan jinya barcin kirki ba ta yi.

Dan_Sabon_Gari ya rubuta:

Allah ya ƙara sauƙi. Likita ni kuma na ga wani bidiyo wai man wiwi yana maganin irin wannan farfaɗiyar har Turawa sun halatta shi, kuma akwai masu tallansa a Instagram suna kawowa har gida, shin gaskiya ne? In haka ne ai ba sai an shiga wani gwaji ba.

Mai_Harhada_Magani ya rubuta:

Ɗan uwa Dan_Sabon_Gari bari in amsa maka wannan tunda fannina ne. Abin da aka amince da shi sunansa Epidiolex, sinadari ɗaya ne mai suna kanabidiyol aka tace shi daga ganyen aka raba shi da sinadarin da yake sa maye, kowane cokali an san adadin da yake ciki. An gwada shi a kan yara da matasa 120 masu Dravet aka buga a 2017, masu shan sa manyan jijjigarsu a wata ta sauko daga wajen 12 zuwa wajen 6, ɗaya rukunin daga wajen 15 zuwa 14, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2018. Ka ga ya taimaka amma ba warkewa ba ce, kuma ya zo da gudawa da amai da yawan barci da rashin cin abinci, sannan yana taɓa hanta musamman in an haɗa shi da Epilim, shi ya sa ake auna jinin hanta kafin a fara da kuma bayan an fara. Kuɗinsa lokacin da ya fito a Amurka wajen dala 32,500 ne a shekara. To ka gaya min kwalbar da wani yake sayarwa a Instagram wa ya auna ta, wa ya san ko sinadarin mayen ne ya fi yawa a ciki, a ɗura wa jariri? Ga shi kuma wiwi haramtacce ne a dokar Najeriya, NDLEA kama mutum za su yi. Dan Allah kada kowa ya gwada.

Hajiya Goggon_Yaro ni abin da ya fi damuna a zancenki shi ne maganar a dawo da shi Kano yanzu. Ba raina gida nake ba, a nan nake aiki, muna da ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwar yara duk da ba su da yawa, har bincike ana yi, akwai wanda ake kira BRIDGE da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya yi da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka a Kano da Zariya da Kaduna, inda aka horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gano farfaɗiyar yara su fara magani, amma wannan farfaɗiyar da aka saba ce wadda magunguna masu araha suke riƙewa. Dravet daban take. Maganin da ya fi yawa a kantocinmu in an ce farfaɗiya shi ne Tegretol da fenobabiton, kuma Tegretol ƙara wa mai Dravet ciwo yake yi, haka Lamictal, haka shan fenitoyin kullum, saboda su aikinsu toshe ƙofar sodiyam ne, ƙofar da dama ita ce ta yi wa yaron kaɗan kamar yadda Likita ya yi bayani. Wani da kyakkyawar niyya zai iya rubuta masa shi yaro ya rikice a ce ai iskar ce ta ƙaru. Diacomit da Fintepla kuma ba abin da za ki shiga kemis ki saya ba ne a nan. Ƙara da zafin Kano na watan Afrilu da maleriya, ga al'adarmu ta gasa jariri da ruwan zafi, duk abubuwan da suke tayar masa da ita ne.

In ma ziyara za su kawo shi su taho da takarda daga likitarsa mai ɗauke da sunan ciwon da magungunan da aka hana shi, da maganin gaggawa na ɗigawa a kumatu ko na matsawa ta dubura, da maganin kariya daga maleriya wanda likitarsa ta duba bai yi karo da nasa ba, gidan sauro kuwa dole. Kuma duk wanda zai riƙe shi a koya masa, in ta tashi a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa ruwa ko manja ko rubutu yana cikinta domin huhu zai tafi, a duba agogo, a bi tsarin da likitarsa ta rubuta, in ta kai minti 5 ba ta tsaya ba maganin gaggawa sannan asibiti.

Goggon_Yaro ta rubuta:

Kai jama'a na gode, Allah ya saka muku da alheri ya raya muku zuri'a. Likita na tura wa ƙanina abin da ka rubuta, ya ce a takardar akwai maganar wata allura ta gadon baya a ɗaya daga cikin binciken da aka lissafa musu amma an ce yaron bai kai shekarun wannan ba tukunna, wai shi ba maganin jijjiga ba ne kawai, tushen ciwon yake nufa. Menene wannan kuma? Sannan an yi musu maganar wani abinci na musamman mai maiƙo, shi ma gwaji ne?

Likitan_Yara ya rubuta:

Amin Hajiya. Allurar gadon bayan da alama irin su zorebunasen ne na kamfanin Stoke a Amurka. Kin tuna na ce kwafi ɗaya ce take aiki cikin biyu, to shi wannan ba ya gyara wadda ta lalace, mai lafiyar yake sa wa ta ƙara yawan abin da take ƙerawa don ta cike giɓin, ana zuba shi cikin ruwan da ya kewaye laka ta ƙasan baya kuma ana maimaitawa bayan 'yan watanni. An gwada shi a matakan farko kan yara daga shekara 2 zuwa 18 a Amurka da Ingila, abin da aka gani ya ba da ƙwarin gwiwa har aka shiga mataki na uku a 2025, wato babban gwajin da ake yi kafin hukuma ta amince da magani, inda ake duba jijjiga a kuma duba magana da fahimta. Akwai wani kuma na kamfanin Encoded da ake sa wa sau ɗaya cikin ƙwaƙwalwa, shi har jarirai daga wata 6 ya ɗauka, amma a 2025 yana matakin farko-farko kuma abin da aka sa ba a iya cire shi, wannan sai an yi dogon tunani fiye da maganin sha da za a iya dainawa. Su tambaya ko shiga wani binciken yanzu zai hana yaron shiga wani nan gaba, domin yana faruwa.

Abincin kuwa ba sabo ba ne, tun shekarun 1920 ake amfani da shi, mai da yawa, sitaci da sukari kaɗan ƙwarai, har jiki ya koma ƙona mai. A 2008 asibitin yara na Great Ormond Street a Landan ya jagoranci binciken da ya tabbatar yana rage jijjiga a yaran da magani ya kasa, a 2023 kuma aka buga wani da aka yi kan 'yan ƙasa da shekara 2 a Ingila, aka ga shi da ƙara wani maganin kusan kunnen doki suka yi, wato zaɓi ne mai kyau amma bai fi magani ba. Sai da masanin abinci na asibiti ake yinsa, ana auna komai a sikeli ana duba jini, cokali ɗaya na koko mai sukari da wata za ta ba shi don tausayi zai iya rushe aikin.

Maman_Biyu Allah ya ƙara wa yaronki lafiya, abin da kika kwatanta shi ne ciwon West, wani likita ne ɗan Ingila ya fara rubuta shi a 1841 kuma a kan ɗan cikinsa ya gani. Firednisolon ɗin da aka ba ku ma bincike ne ya tsayar da shi, a 2004 an kwatanta a Ingila aka ga irin wannan magani ya tsayar da dunƙulewar a kashi 73 cikin ɗari cikin mako biyu, wani maganin farfaɗiya mai suna Sabril kuma kashi 54, a 2017 aka gwada haɗa su biyun kan jarirai 377 aka samu kashi 72 a kan 57 na waɗanda aka ba irin firednisolon ɗin kaɗai. Yana da araha kuma akwai shi a ko'ina a nan, amma kada wata uwa ta karanta wannan ta je kemis ta saya, adadin da ake bayarwa yana da yawa kuma sai an tabbatar da ciwon an duba ko yaro yana da tarin fuka ko wata cuta a ɓoye. Duk wadda ta ga jaririnta yana wannan dunƙulewar a jere, musamman in ya tashi daga barci, ta ɗauki bidiyo ta kai wa likitan yara a satin nan, domin an ga jariran da aka fara wa magani da wuri sun fi waɗanda aka jinkirta samun ci gaban ƙwaƙwalwa.